Yarona yana wanke baki kullum, me ya sa haƙoransa suke yin kogo?

"Assalamu alaikum Likita. Ina da yaro ɗan shekara shida wanda turamensa biyu na ƙasa suka yi baƙin kogo, kuma kwana biyun nan da zarar ya sha ruwan sanyi sai ya dafe kunci yana kuka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kullum da safe sai na sa shi ya wanke baki da buroshi da makilin kafin ya tafi makaranta, kuma ba na saya masa alawa da yawa. Kakarsa ta ce tsutsa ce, a kai shi wurin mai cire ta. Mahaifinsa kuwa ya ce a ƙyale shi, tunda haƙoran za su zube idan ya yi famfara. Mece ce gaskiyar lamarin, kuma yaya zan kare ƙannensa biyu?" Daga wata uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba yaro lafiya. Idan na fahimce ki, abubuwa uku kike nema: dalilin da ya sa haƙoran da ake wankewa kullum suka ruɓe, ko akwai gaskiya a maganar kakarsa da ta mahaifinsa, sannan abin da za ki yi don kada ƙannensa su bi sahunsa. Tun da farko zan gaya miki cewa ba sakacinki ba ne, domin yawancin iyayen da suke kawo mini yara da irin wannan matsala suna wanke musu baki da safe kamar yadda kike yi. Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da ya fi cin haƙori shi ne yawan lokutan da zaƙi yake shiga baki a wuni, da kuma kwana da baki ba a wanke ba.

Batun tsutsa

Ki ba Hajiya haƙuri, babu tsutsa a cikin haƙori. Na daɗe ina buɗe kogon haƙoran manya da yara ina sharewa, ban taɓa cin karo da ita ba, kuma abin da masu turara hayaƙi suke nunawa a cikin ruwa ba daga haƙorin yake fitowa ba. Wannan fahimta ba ta Hausawa kaɗai ba ce, don mutanen Babila ma sun rubuta labarin tsutsar haƙori a allunansu dubban shekaru da suka wuce, Turawa kuma sun daɗe a kanta kafin wani likitan haƙori ɗan Amurka mai aiki a Jamus, Willoughby Miller, ya bayyana a 1890 cewa ƙwayoyin cuta ne suke mayar da ragowar abinci tsami, tsamin kuma ya zaizaye haƙori. Duk da haka ban cika ganin laifin tsofaffinmu ba, domin wanda ya ga yadda kogo yake faɗaɗa daga ciki kamar gara ta shiga azara, ba mamaki ya zaci wani abu mai rai ne yake ci. A wata fuska ma sun yi kusa da gaskiya, abu mai rai ne, amma ido ba ya ganinsa.

Ga yadda abin yake. Kowane baki yana ɗauke da ƙwayoyin cuta iri-iri, kuma wasunsu, musamman wadda ake kira Streptococcus mutans, suna manne wa haƙori a cikin wata farar dauɗa mai yauƙi, wadda za ki gan ta idan kika kankari haƙori da farce kusa da dasashi. Da zarar sukari ya shiga baki, waɗannan ƙwayoyi suna cinsa su fitar da tsami cikin 'yan mintoci kaɗan. Farin ɓawon da ya rufe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi, amma idan tsamin ya kai wani mataki, wato ya sauko ƙasa da 5.5 a ma'aunin da masana suke kira pH, sai sinadaran da suka gina ɓawon, kalsiyam da fosfet, su fara narkewa. Miyau ne yake kawo ɗauki: yana wanke sukarin, yana kashe kaifin tsamin, sannan yana mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa. Wannan gyara yana ɗaukar kimanin rabin awa zuwa awa guda bayan kowane ci, kamar yadda Robert Stephan ya auna a shekarun 1940. Kogo yana samuwa ne idan ɓarna ta riƙa rinjayar gyara na tsawon watanni.

Alamar farko ba baƙi ba ce, wani farin tabo ne kamar alli a gindin haƙori, kuma a wannan mataki ana iya dawo da shi ba tare da ciko ba. Idan ɓawon ya fashe, ruɓar tana shiga sashe na biyu wanda ya fi taushi, a nan ne ruwan sanyi da zaƙi suke fara tsirawa, kuma ga dukkan alamu nan yaronki ya kai. Idan ta zarce zuwa tsakiyar haƙori inda jijiya take, sai ciwon ya koma mai hana barci, daga baya mugunya ta taru a saiwa.

Sau nawa, kafin a zo ga nawa

Kin ce ba kya saya masa alawa da yawa, kuma na yarda. Amma ina roƙonki ki zauna ki ƙirga wuninsa tun daga safe. A mafi yawan gidajen da nake yi wa wannan tambaya, lissafin yakan fito kamar haka: shayi da biredi da sukari cokali biyu ko uku bayan an riga an wanke baki, sai kuɗin tara da yake ƙarewa a biskit ko cingam ko tsami-gaye, sai ƙullin zoɓo ko kunun aya idan an tashi, sai minti a hanyar Islamiyya, sai wani baƙo ya zo da tsarabar alawar madara ko gullisuwa, sannan a rufe da koko ko fura mai sukari kafin barci. Babu ɗaya daga cikinsu da uwa za ta kira "da yawa", amma kowannensu yana jefa haƙori cikin tsami na kusan awa guda. Idan sau shida ne kamar haka, to haƙoran yaron sun shafe wani babban kaso na wuninsa suna narkewa, miyau bai samu sararin gyara ba.

Wannan ba hasashe ba ne. A wani asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa mai suna Vipeholm a ƙasar Suwidin, daga 1945 zuwa farkon shekarun 1950, an yi wani gwaji wanda a yau babu hukumar da za ta amince a yi irinsa, domin an riƙa ba marasa lafiya alawa da gangan ba tare da yardarsu ba. Abin da ya fito shi ne, sukarin da aka ci tare da abinci bai yi ɓarna sosai ba, amma alawa mai danƙo da ake ci tsakanin abinci da abinci ta lalata haƙora ƙwarai. Ni a wurina wannan shi ne darasi mafi amfani ga uwa, domin hana yaro zaƙi gaba ɗaya ba abu ne mai yiwuwa ba a gidan da ake da kakanni da gwaggonni da maƙwabta. Abin da zai yiwu shi ne a tattara zaƙin a mayar da shi lokacin cin abinci. Idan an kawo masa alawa biyar, gara ya cinye su a zama ɗaya bayan abincin rana ya kora da ruwa, da ya riƙa tsotsar ɗaya bayan ɗaya har magariba.

Yawan ma yana da nasa muhimmancin. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa a rana, kuma ya fi kyau ya kasance ƙasa da kashi 5. Ga babban mutum, kashi 10 ɗin ya kai kimanin giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12, na yaro kuwa ƙasa da haka ne. Kwalbar lemo guda ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali 9, ban da tsamin da ke cikin lemon kansa, wanda shi ma yake zaizayar haƙori. A wannan lissafi hukumar ta haɗa da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, saboda haka mazarƙwaila da zuma da rake ba su tsira ba don kawai ba daga kanti suka fito ba. Dabino abinci ne mai albarka, amma yana da danƙo yana maƙalewa a ramukan turame, don haka a bi shi da ruwa. Biskit da cincin da kek sun fi yadda ake zato illa, saboda gari da sukari suna cakuɗewa su liƙe a haƙori bayan alawa ta daɗe da narkewa.

Abin da za ki sa masa a jakar makaranta bai fi ƙarfin aljihu ba: gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, awara, ƙosai, yalo, gurji, karas, aya, ko lemon zaƙi da gwaiba da kankana a yanka masa ya ci da tsokarsu. Nono da kindirmo da cuku suna da kalsiyam kuma ba sa cutar da haƙori, matuƙar ba a cika musu sukari ba. Zoɓo da kunu ba sai an daina ba, a rage musu sukari a hankali a cikin makonni har harshen yara ya saba, a kuma sha su lokacin abinci. Abin sha tsakanin abinci ya zama ruwa. Akwai kuma wata kafa da ake mantawa da ita, wato magungunan yara na ruwa irin na tari da na ƙarin jini, waɗanda da yawansu an zuba musu sukari. Idan an ba yaro da dare, a wanke masa baki bayan ya sha.

Wankin dare da fuloraid

Da a ce za a tilasta mini in zaɓi wanki ɗaya a rana, na dare zan zaɓa. Idan mutum ya yi barci, miyau yana raguwa ƙwarai, saboda haka duk abin da ya kwana a haƙori yana samun sa'o'i takwas ko tara babu mai korarsa. Wankin safe da kike yi masa yana da kyau, amma kamar share tsakar gida ne bayan awaki sun kwana suna ɓarna. A wanke sau biyu, da safe da kuma daf da kwanciya, kuma bayan na dare kada komai ya shiga baki sai ruwa.

Abu na biyu, ɗan shekara shida bai iya wanke baki da kansa ba, ko da kuwa ya rantse ya iya. Yakan goge haƙoran gaba a cikin daƙiƙa ashirin ya tofar, turame kuwa buroshi bai taɓa su ba. Har ya kai shekara bakwai ko takwas, ki tsaya a bayansa, ki ɗan ɗaga haɓarsa, ki goge masa da kanki da ƙaramin buroshi mai laushi na tsawon minti biyu, kina bin saman turame da gefen kunci da gefen harshe da kuma layin da haƙori ya haɗu da dasashi. A canza buroshi bayan kamar wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje, kuma kowa da nasa.

Abu na uku shi ne man da kansa. Amfanin makilin ba a kumfa ko ƙamshi yake ba, a sinadarin fuloraid yake, wanda yake shiga ɓawon haƙori ya ƙara masa juriya ga tsami, ya kuma hanzarta gyaran da miyau yake yi. Ki duba jikin kwalin, za ki ga an rubuta adadi kamar 1000 ko 1450 ppm. Wanda bai kai 1000 ba, ko wanda babu fuloraid a cikinsa kamar wasu da ake tallatawa da sunan na gargajiya, ba zai ba da kariyar da ake buƙata ba. Yaron da bai kai shekara uku ba a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake. Bayan an gama ya tofar kawai, kada ya kurkure da ruwa, domin kurkurewa tana wanke maganin da aka sha wahalar shafawa. Na san wannan yana yi wa mutane banbaraƙwai, har manya sukan yi mini gardama a kai, amma cikin mako guda ake sabawa.

Fuloraid ɗin ma idan ya yi yawa a ruwan sha yana da illa, kuma wannan ya shafe mu. A wasu yankuna kamar Langtang a jihar Filato ruwan ƙasa yana ɗauke da shi fiye da kima, shi ya sa ake ganin mutane da haƙora masu ratsin fari ko ruwan ƙasa tun suna yara, a Tibiri kusa da Maraɗi kuwa ruwan wata rijiyar burtsatse ya taɓa lanƙwasa ƙasusuwan yara da dama. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a kowace lita. Wannan matsalar abin da aka haɗiye ce shekara da shekaru, ba ta ɗan man da aka goga aka tofar ba, kuma shi ya sa ake auna wa ƙananan yara man, a kuma ɗauke shi daga inda za su lashe.

Game da asuwaki, ina ƙarfafa shi. Sunna ce tabbatacciya, kuma wanda yake yin sa da kyau a lokutan salla yana cire dauɗar haƙori sau da yawa a wuni, ko da na itacen arak ne ko na darbejiya. Sai dai yana da wuya ya kai bayan turame da ɓangaren harshe, kuma ba ya ba da fuloraid gwargwadon na makilin, saboda haka a haɗa su biyun: asuwaki da rana, buroshi da man goge baki safe da dare. Gawayi da toka da gishiri kuwa suna sa haƙori haske na ɗan lokaci ne ta hanyar kankare ɓawonsa, ɓawon kuma ba ya sake tsirowa.

Maganar mahaifinsa

Gaskiya ne haƙoran yarinta guda 20 duk za su zube, amma ba lokaci ɗaya ba. Na gaba ne suke fara faɗuwa a wajen shekara shida zuwa bakwai, turamen yarinta kuwa sai tsakanin shekara tara da sha biyu. Ke nan waɗannan haƙora biyu suna da sauran aikin shekara uku zuwa shida a bakinsa, kuma kogon ba zai jira ba. Yaron da haƙori yake yi wa ciwo yana tauna da gefe ɗaya, yana ƙin nama da duk abu mai tauri, barcinsa da karatunsa suna raguwa. Idan mugunya ta taru a saiwar haƙorin yarinta tana iya taɓa na dindindin da yake girma a ƙarƙashinsa, idan kuma aka cire shi da wuri, maƙwabtansa sukan matso su cike gurbin, sabon ya rasa wurin fitowa ya fito a karkace.

Akwai wani abin da nake so ki duba yau ɗin nan. A daidai shekara shida ne turmin farko na dindindin yake fitowa, can bayan na yarinta, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, saboda haka iyaye da yawa suna ɗaukarsa na yarinta ne. Shi ne haƙorin da na fi baƙin cikin cirewa a bakin 'yan shekara goma zuwa sha biyar, don ya fito a cikin bakin da ruɓa ta riga ta yi sansani, kuma samansa yana da ramuka masu zurfi. Likita yana iya toshe waɗannan ramuka da wani siririn shafi tun kafin su ruɓe, ba allura, ba ciwo.

Ba zan iya faɗa miki daga nan ko haƙoran yaronki ciko za su buƙata, ko wankin jijiya, ko cirewa ba, sai an duba bakin, wataƙila a ɗauki hoto. Abin da zan iya cewa shi ne, kogon da ya riga ya buɗe ba ya rufewa da abinci ko man goge baki, kuma ciwon da yake zuwa da ruwan sanyi ya wuce da wuri yakan nuna akwai sauran damar ceto haƙorin da ciko. Tunda kina Zariya, akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ki kai shi cikin makon nan. Ko a inda babu injin haƙa, ana iya share kogo da kayan hannu a cike shi da wani siminti mai sakin fuloraid, akwai kuma wani ruwan magani mai sinadarin azurfa da ake ɗigawa ya tsayar da ruɓa, sai dai yana mayar da wurin baƙi. Su biyun, tare da man goge baki mai fuloraid, sun shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021.

Kafin ku je, idan ciwo ya tashi a ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa. Kada a danna asfirin ko wata ƙwaya a cikin kogon ko a kan dasashi, domin tana ƙone naman wurin, balle ruwan batir ko fetur da na sha ganin an ɗiga wa mutane har baki ya saluɓe. Kanumfari yana dusashe ciwo na ɗan lokaci amma ba ya tsayar da ruɓa. Kada kuma a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba da umarnin likita ba, musamman tetirasaikilin, wanda yake rina haƙoran yaran da ba su kai shekara takwas ba har abada. Idan kuwa kika ga kunci ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko ya kasa buɗe baki ko haɗiya, wannan ba na jiran gobe ba ne, a tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne, saboda kumburin yana iya toshe hanyar numfashi.

Ƙannensa

Ba ki faɗi shekarunsu ba, don haka zan ɗauka akwai na goye. Haƙorin farko yakan fito a wajen wata shida, kuma daga ranar ake fara goge shi da ɗan ƙaramin buroshi da man da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Ki ci gaba da shayarwa har shekara biyu, amma da zarar haƙora sun fito a riƙa goge su kafin barci. Abin da ya fi lalata haƙoran gaba na sama a ƙananan yara shi ne a kwantar da su da fida a baki mai ɗauke da madara mai sukari, shayi ko lemo, don ruwan yana taruwa a bayan leɓe har gari ya waye. Daga shekara ɗaya a koma kofi, kuma kafin shekara biyu babu buƙatar a sa wa yaro sukari a koko ko kunu, tunda harshen da bai saba ba ba ya nema.

Jariri ba a haifarsa da ƙwayoyin da suke ruɓar da haƙori, yana samunsu ne daga miyan masu renonsa, ta hanyar tauna masa abinci, ko lasar cokalinsa, ko haɗa buroshi. Saboda haka idan ke ko mahaifinsu kuna da kogon da kuke ta lallaɓawa da kanumfari, gyara shi yana cikin kare yaran. Sau ɗaya a wata ki ɗaga leɓen kowannensu na sama a cikin haske ki duba gindin haƙora, idan kin ga farin tabon nan mai kama da alli ki kai shi a shafa masa fuloraid mai ƙarfi na asibiti. Ranar da za ki kai yayansu ma ki tafi da su duka, likita ya leƙa bakinsu suna zaune a cinyarki, su ga kujerar tun babu abin da yake yi musu ciwo.